Faranti, abonma, waya ko masu turi: wanne ya dace da gidan da kowa ke da abin da yake son kallo?

A yawancin gidajen Damagaram tele ɗaya ce, amma ra'ayi ya kai huɗu. Maigida labaran siyasa yake so, ya ji abin da aka yanke a Yamai da halin da maƙwabta ke ciki. Uwargida da 'yan mata suna jiran fim ɗin Hausa mai dogon zango, ko na Indiya da aka fassara. Samari sun rabu, wasu waƙa, wasu ƙwallo, kuma a 'yan shekarun nan an samu waɗanda ƙwallon kwando ta shiga ransu har suna tashi tsakar dare saboda NBA, babbar gasarta ta Amurka. Mai fitar da kuɗin shi ne a tsaka mai wuya: ya ɗaura farantin kyauta, ya yi abonma na wata-wata, ya dogara da waya da forfen intanet, ko a ci gaba da kai katin memori wurin masu turi?

Mai sayar da kaya zai fara maka da yawan tashoshi, ɗari biyu, ɗari uku. Wannan lissafi ba ya amfanar kowa, domin gidan da ya fi kowa kallo da wuya ya wuce tasha goma. Abin da ya kamata a duba shi ne wane ne a gidan yake kallo, ƙarfe nawa, kuma abin da yake so ɗin ana samunsa kyauta ko sai an biya.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuɗi, kuma kashi biyu ne: na sayen kaya, wanda ake biya sau ɗaya, da na wata-wata. Na biyun ne ke kayar da mutane. Jika 5 a wata ba ta da nauyi a baki, amma a shekara jika 60 ce, jika 10 kuma ta zama 120.

Na biyu wuta. Kaso mai yawa na lantarkin da Damagaram da Maraɗi ke sha daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya ga ma'anar haka a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har sai da aka ɗage takunkumin a farkon 2024. Ko ba takunkumi, watannin zafi ba a rasa ɗaukewa. Duk hanyar da ba ta aiki sai da kuran, a haɗa kuɗin batir da faifan sola cikin lissafinta tun farko.

Sai ƙarko. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, iskar farkon damina kuma ba ta barin abin da ba a ɗaure da kyau ba. Sannan sauƙi, wato ko Inna za ta iya kunnawa ba tare da an kira yaro daga fada ba. Na ƙarshe haɗari: na asarar kuɗi, na abin da yara za su gani, da na abin da zai iya jawo wa mutum magana da hukuma.

Farantin kyauta

Wannan shi ne tsohon hannu. Ka sayi faranti, da idon da ke gabansa wanda masu gyara ke kira LNB, da waya, da dikoda irin su Strong, ka biya mai ɗaurawa, shi ke nan. Babu wanda zai turo maka saƙo ƙarshen wata. Abin da za ka kama ya danganta da tauraron da aka saita: Nilesat da Arabsat sun fi cika da tashoshin Larabci, na labarai da na karatun Alƙur'ani, Eutelsat 16A kuma ya fi ɗauke da tashoshin Afirka. Masu son biyu sukan sa ido biyu a faranti ɗaya, ko su ɗaura faranti na biyu.

Wanda bai taɓa ganin ranar saiti ba ya yi asarar kallo. Mai gyara yana bisa soro yana juya farantin kaɗan-kaɗan da sifana a hannu, yaro yana bakin taga ido a kan tele yana ihu, "Ya kawo! A'a Malam, ya ɗauke! Koma baya kaɗan!" Maigida kuma yana tsakar gida yana cewa a yi a hankali da kwano. In an samu layin ya yi kore, a ɗaure ƙusoshi tamau. A nan ne ƙarkon yake: farantin da aka kafa a kan ƙarfe mai kauri, ko aka zuba wa gindinsa siminti, yana shekaru ba a taɓa shi ba. Wanda aka danne da bulo biyu, hadarin farko na watan Yuni zai juya shi, a sake biyan kuɗin saiti.

Ga mai son fim ɗin Hausa da wa'azi da labaran gida, farantin kyauta ya biya buƙata fiye da yadda ake zato. Télé Sahel tana nan, kuma ita ce ke kawo kokowar takobi kai tsaye, gasar da ake yi tun 1975, wadda in ta zo hatta masu NBA ɗin ajiye waya suke yi. Akwai tashoshin addini na Hausa, akwai na fim. Arewa24, da ta fara a 2014, ta shiga gidaje da yawa ne ta wannan hanya kafin ta hau dikodojin biya.

Rauninsa biyu. Tasha tana iya canza lamba ko ta koma wani tauraro ba sallama, ka wayi gari baƙin allo, sai an nemo sabuwar lamba an shigar. Na biyu, manyan wasanni ba sa zuwa kyauta. Wanda ya ce maka da farantin kyauta za ka riƙa ganin NBA duk dare, so yake ya sayar maka da wani abu. Galibi dikoda ce mai "buɗe" tashoshin biya ta hanyar lambar sata da ke buƙatar intanet. Tana aiki wata biyu ko uku, sai masu tashar su toshe, kai kuma ba ka da inda za ka kai ƙara, tunda abin da ka saya ba halal ɗinsa ba ne tun asali. Araha ba ta ado.

Abonma

A nan Nijar in an ce abonma, Canal+ ake nufi. Ƙaramin tsarinsa, Access, ya daɗe a wajen jika 5 a wata, Évasion a wajen jika 10, manyan kuma suna haurawa sama. Farashin dikoda yana sauka sosai lokacin garaɓasa, musamman gab da gasar cin kofin Afirka ko ta duniya, don haka mai haƙuri ya jira irin wannan lokaci. Wasu kuma suna shigo da DStv daga Kano, su riƙa biya da naira ta hannun ɗan'uwa. Yana kamawa, amma ranar da kati ya samu matsala sai ka nemi wanda zai bi maka a can. Tun 2025 ma kamfanin Canal+ ne ya mallaki MultiChoice mai DStv ɗin.

Wajen sauƙi babu kamarsa. Lambobin tashoshi ba sa yawo, hoto garau, kana iya sabuntawa daga wayarka, kuma akwai lambar kulle da za ka rufe tashoshin da ba ka so yara su shiga. A sa wannan kulle tun ranar farko, domin fina-finan dare na tashoshin Turai ba da tarbiyyar gidajenmu aka tsara su ba. Ruwan sama mai ƙarfi yana ɗauke hoto na ɗan lokaci, shi da farantin kyauta duka, saboda zangon Ku da suke amfani da shi ba ya jure hadari mai kauri.

Amma gaskiyar magana, gidan da fim ɗin Hausa kawai yake kallo bai da dalilin ɗaukar wannan nauyi. Mafi yawan fina-finan ciki da Faransanci suke. Wanda ya yi lakwal zai more, Inna kuwa tasha ɗaya ko biyu za ta riƙe, waɗanda da ma ana iya samun irinsu ba biya. Abin da ke sa abonma ya cancanci kuɗinsa shi ne wasanni kai tsaye, kuma tashoshin wasannin ba duka suke cikin ƙaramin tsari ba. Kafin ka miƙa kuɗi, ka ce wa mai shagon ya nuna maka tashar da ke kawo gasar da kake so, da tsarin da take ciki. Haƙƙin nuna wasa kwangila ce, tana ƙarewa, tana iya komawa hannun wani.

Batun ƙwallon kwando yana buƙatar a tsaya a kansa, domin shi ne sha'awar da ta fi tsada a gidan. Canal+ ya daɗe cikin masu nuna NBA a ƙasashen Afirka masu Faransanci. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, sannan a shiga zagayen fitar da gwani har Yuni. Matsalar agogo ce. Wasan da aka fara ƙarfe 7:30 na yamma a New York, a nan 1:30 na dare ne lokacin hunturu. Na Los Angeles sai wajen 4:30, ana gama shi gari ya waye. A takarda minti 48 ne, kashi huɗu na minti 12, amma da hutu da tallace-tallace yana cin kusan awa biyu da rabi. Yaron da ke da lakwal da safe, ko mai buɗe shago a Kasuwar Dole, wasa nawa zai iya gani a mako? In ka cire na daren Asabar, da 'yan wasannin Lahadi da ake bugawa da rana a Amurka su faɗo mana bayan magariba, saura duk barci ne ke cinye su. Kana biyan wata cikakke, kana kallon dare huɗu ko biyar.

Gasar ƙwallon kwando ta Afirka, wato BAL, ta fi mana daɗin lokaci. NBA da FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, suka kafa ta, aka fara a Kigali a 2021 inda Zamalek ta Masar ta ɗauki kofi, a 2025 kuma Al Ahli ta Tarabulus ta ɗauka. Da yake a nahiyar ake bugawa, wasannin suna zuwa da la'asar ko farkon dare. Ni a ganina wanda ke son ya koyi wasan, ba sunayen taurari kawai ba, ya fi ƙaruwa da ita, don tsarin wasansu ya fi kusa da abin da yaranmu ke bugawa a filayen makarantu.

Waya da forfe

Nan ne matasa suka koma, kuma suna da hujja. Fina-finan Kano masu dogon zango yanzu YouTube suke fara sauka, mako-mako. Sabuwar waƙa, ta Hausa ce, ta gitar Agadas ce ko ta begen Annabi, a waya ake fara jinta. Waya ba ruwanta da ɗaukewar kuran muddin akwai caji, kuma kowa da tasa, babu faɗan telekomand.

Kuɗinta ne ba ya ganuwa. Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms duk suna da forfe na yini, na mako, na wata, wasu da na dare mai rahusa. Mutum yana sayen na dala ɗari yau, na dala arba'in gobe, bai taɓa zama ya haɗa ba. Ga ma'auni: bidiyo a matsakaicin haske, wanda YouTube ke rubuta wa 480p, yana cin wajen rabin giga a awa. In ka ɗaga zuwa 720p ya haura giga ɗaya. Wasan NBA guda kai tsaye ya fi giga, amma taƙaitaccensa na minti goma da ake sakawa da safe bai kai mega 100 ba. Waƙa kuwa ba ta da ci, kusan mega ɗaya ne a minti. Wato ga mai waƙa da mai taƙaitaccen wasa, waya ta fi komai araha. Ga gidan da mutum biyar kowa ke kallon fim ɗinsa a wayarsa kullum, in aka tara, an wuce kuɗin Évasion ba a sani ba.

Tun da Starlink, mai ba da intanet ta tauraro, ya samu izinin aiki a Nijar ya fara a 2025, masu sayar da wifi na tikiti sun ƙaru a unguwanni. Gida ɗaya ya saya don kallo kawai ya yi nauyi, amma in akwai mai sayarwa kusa da kai, ka je ka sauke abin da za ka kalla na kwana biyu ka dawo.

Waya ba ta da ƙarkon faranti. Batir yana kumbura in ana kallo ana caji cikin zafi, gilashi yana fashewa, ɓarawo kuma ya fi son ta. Sai shafukan da ke cewa za su nuna wasa kyauta: rabin allon tallar caca ce, sauran kuma maɓallan da ke cusa wa waya manhajar da ba ka nema ba. Yaro ya shiga don kallon basket, wato ƙwallon kwando, ya fito da asusun caca. Wannan ya fi damuna a kan kuɗin forfe.

Siyasa kuma tana da nata haɗarin a waya. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yuni na 2024, ta tanadi ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a. Muryar da aka turo maka a WhatsApp ba ka san mai ita ba, ka saurara ka bar ta a nan.

Masu turi

A Kasuwar Dole da bakin tasha ba ka rasa su: ɗan tebur, kwamfuta, lasifika tana ta ƙara, igiyoyin caji sun yi rassa. Yarinya ta miƙa katin memori ta ce, "Yaya, a sa wa Inna ci gaban na jiya, da waƙoƙin biki." Ya tambaye ta kashi na nawa suka tsaya, ya tura, ta ba da 'yan daloli ta wuce. In tele ko dikodar gidan tana da ramin kile (USB), kowa ya zauna ya kalla tare, ba intanet, ba abonma, kuma ana iya maimaitawa har a haddace.

Babu hanyar da ta kai wannan sauƙin kuɗi ga mai fim da waƙa. Illarta, ba ta kawo komai kai tsaye, don haka mai labarai da mai wasa ba su da rabo. A kula da katin jabu, wanda aka rubuta wa giga 32 alhali cikinsa bai kai ba, sai ka ga fim yana buɗewa rabi. Kwamfutar da waya ɗari ke shiga a yini kuma ba ta rasa cuta, gara a kai kati a bar wayar a gida. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: wanda ya zuba kuɗinsa ya shirya fim ɗin ba ya samun ko dala daga wannan turi. Muna kukan fina-finai sun rage inganci, mu ne kuma ba ma biya. Kallon sa a shafin mai shi na YouTube aƙalla yana mayar masa da wani abu.

Rediyo

Mai son siyasa zalla kada ya bari a ruɗe shi da faranti. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, BBC ma an dakatar da ita wata uku a Disamban 2024, an kuma rusa jam'iyyu a Maris na 2025. Abin da ya rage na muhawara da Hausa, a gidajen rediyon FM na gari irin su Anfani yake, da shirye-shiryen Studio Kalangou da ake yaɗawa ta tashoshin abokan hulɗa. Sanarwar gwamnati tana Voix du Sahel da Télé Sahel. Sassan Hausa na ƙasashen waje kuma ana bin su a waya da ɗan forfe kaɗan, tunda murya ce. Rediyo mai caji da ɗan faifan sola a bayansa ya wadatar.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Wa ta fi yi wa |
|---|---|---|---|---|---|
| Farantin kyauta | Sau ɗaya, sai gyara jifa-jifa | Shekaru, in an kafa da kyau | Sai mai gyara in tasha ta gudu | Dikodar sata | Fim ɗin Hausa, wa'azi, kokowa |
| Abonma | Daga wajen jika 5 a wata | Mai kyau | Ya fi duka | Biyan abin da ba a kallo | Wasa kai tsaye |
| Waya | Kaɗan-kaɗan, yana taruwa | Rauni | Ga matasa | Caca, jita-jita, sata | Waƙa, taƙaitaccen wasa |
| Masu turi | 'Yan daloli | Gwargwadon katin | Mai sauƙi | Katin jabu, cutar kwamfuta | Fim da waƙa |
| Rediyo | Ƙasa da duka | Ya fi duka | Kowa ya iya | Kusan babu | Siyasa da labarai |

Wa ya ɗauki wanne

Gidan iyali mai yawa, inda mata da yara suka fi zama gaban tele, ya ɗaura farantin kyauta, ya zaɓi dikoda mai ramin kile don a haɗa da turi. Kuɗin da za a zuba a abonma na shekara, gara a sa shi a wuta. Tele mai faɗin inci 32 ta zamani da dikodarta suna cin wajen wat 60. Batir mai 100Ah, in ba a zuƙe shi ya wuce rabi ba don ya daɗe, zai riƙe su awa takwas ko kusa da haka, faifan sola mai wat 150 kuma ya cika shi da ranar Damagaram. Mai tsohuwar tele mai ƙusumbi ya san ta fi haka ci nesa ba kusa ba.

Gidan da basket ta kama ɗa ɗaya ko biyu, kada a ɗaure kai da abonma na shekara. Daga Oktoba zuwa Maris su bi taƙaitaccen wasa a waya da safe. A biya Afrilu, Mayu da Yuni, lokacin da NBA ke zagayen fitar da gwani, BAL ma tana gudana, sannan a bar dikodar ta huta. Abonma ba aure ba ne, in ka tsallake wata babu mai bin ka bashi. In ɗan yana da sana'a, ya kawo rabin kuɗin.

Samarin fada su ne abonma ya fi yi wa riba, domin mutum goma in suka raba jika 10, jika ɗai-ɗai ce, kuma su da ma ba sa barci da wuri. Sai dai su nemi ɗakin da ihun ƙarfe uku na dare ba zai tada maƙwabta ba, su kuma ajiye kuɗin a hannun mutum ɗaya tun farkon wata. Gidan kallo na unguwa ba zai maye musu wannan ba, shi ƙwallon ƙafa yake sayarwa, kafin a fara NBA ya rufe.

Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke ɗakin haya, ko ɗan kabu-kabun da ba ya zama gida, waya da kati mai kyau sun ishe shi, ya riƙa saukewa da forfen dare ko a wurin mai wifi. Maigidan da labarai ne kawai damuwarsa ya riƙe rediyonsa, in ana so a kyautata masa a saya masa mai ramin kati, a zuba masa karatu da waƙoƙin da ya taso da su.